Darasi: Ciniki, Hujja da Wakilan Kwamfuta

Garin Mubi, wanda ke arewacin Jihar Adamawa dab da iyakar Kamaru, yana da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Nijeriya, inda ake kawo dabbobi daga Kamaru da Cadi da rugagen da ke kewaye, a yi cinikinsu, sannan a loda su a tireloli zuwa biranen kudu. Mutanen gundumar Mugulbu da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, ko da ba fatake ba ne, sun san yadda ake tayi da yadda ake cewa albarka, sun kuma san dillali da la'adarsa. A kan wannan sani darasin nan zai dogara wajen bayyana fannoni uku da masana lissafi da masana kwamfuta suka haɗa wuri guda, wato nazarin wasa, da ilimin jera hujja bisa ƙa'ida, da tattaunawar da ke gudana tsakanin wakilan kwamfuta. Abin da ake nufi da wakilin kwamfuta shi ne manhajar da aka ɗora wa wata manufa, aka kuma ba ta damar yanke shawara da yin magana da wasu manhajoji a madadin mutum ko kamfani, ba tare da ta koma neman izini a kowane mataki ba. Abin da ya ɗaure fannonin uku shi ne cewa faɗin gaskiya a tattaunawa bai rataya ga halin masu magana kaɗai ba, ya rataya har ga dokokin da aka shimfiɗa wa tattaunawar, domin dokokin ne ke sa gaskiya ta zama riba ko ta zama asara ga mai faɗinta.

Nazarin wasa da cinikin bijimi

Nazarin wasa reshe ne na lissafi da ke duba duk wani yanayi da sakamakon da mutum zai samu ya dogara ga zaɓinsa da zaɓin wani, alhali kowannensu ya san ɗayan ma yana nasa lissafin. John von Neumann da Oskar Morgenstern ne suka kafa shi a matsayin fanni da littafin da suka fitar a Amurka a 1944, sannan a 1950 John Nash ya kawo abin da ake kira daidaiton Nash, wato matsayin da in aka kai gare shi babu wanda zai ƙaru idan ya sauya dabararsa shi kaɗai alhali sauran suna kan tasu.

A ɗauka, don misali kawai, makiyayi ya kawo bijimi gudali wanda a ransa ba zai sallama ƙasa da naira 600,000 ba, falke kuma ya ƙudurta ba zai wuce naira 700,000 ba. Duk farashin da ya faɗa tsakanin waɗannan adadi biyu ya fi wa kowannensu rabuwa ba ciniki, saboda haka abin da suke ja a kai a haƙiƙa shi ne naira 100,000 ɗin da ke tsakani, kuma babu wanda ya san iyakar ɗan'uwansa. A 1982 Ariel Rubinstein ya yi lissafin irin wannan ciniki da ake yin tayi bi da bi, ya nuna cewa wanda jira ya fi yi wa tsada shi ne zai tashi da ƙaramin kaso. Wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwar Mubi, domin makiyayin da ke sayen harawa da dusa kullum yana kuma biyan masauki, ko wanda hidimar aure ko kuɗin asibiti ya koro, ba zai iya maimaita albarka yadda mai wadata zai yi ba, haka shi ma falken da tirelarsa ta kusa cika direba yana jira, haƙurinsa ya ragu. Dalilin da ya sa kowane ɓangare ke ɓoye gaggawarsa ke nan, kuma shi ya sa gogaggen dillali yake fara gano abin da ya kawo mutum kasuwa kafin ya shiga maganar kuɗi.

Matsala ta fi tsanani idan abin da ake ɓoyewa aibin dabbar ne. George Akerlof ya yi bayaninta a 1970 da misalin tsofaffin motoci: idan mai saye ba ya iya bambance lafiyayye da mai aibi, zai taya duka da farashin tsaka-tsaki, masu kaya nagari su ga an rage musu su janye, kasuwa ta cika da marasa kyau, farashi ya ƙara faɗuwa. Idan mutum biyu za su haɗu sau ɗaya ne tak su rabu har abada, lissafi yana tura mai sayarwa ga ɓoye aibi, yana tura mai karɓar bashi ga ƙin biya, su duka kuma su tashi da abin da bai kai wanda za su samu da sun riƙe amana ba. Wannan tarko shi ne masana suka fi sani da sunan tsaka-mai-wuyar fursunoni, wanda Merrill Flood da Melvin Dresher suka tsara a 1950.

Maganinsa na farko shi ne maimaituwar hulɗa. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa shi a 1969, ya bayyana yadda fataken Arewa ke danƙa shanunsu ga maigida, shi kuma ta hannun dillalansa ya sayar wa mahautan Yarabawa bashi ba tare da takardar yarjejeniya ba, yana mai ɗaukar lamunin kuɗin. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa yana buƙatar dawowa gobe, kuma labarin wanda ya ci amana yana zagaye kasuwa da sauri. Robert Axelrod ya gwada wannan tunani da kwamfuta a wajen 1980, lokacin da ya gayyaci masana su aiko da manhajojin da za su yi ta buga wasan fursunonin da juna, wadda ta yi nasara kuwa ita ce mafi sauƙi, ta Anatol Rapoport, wadda ke farawa da amana, daga nan ta riƙa mayar wa abokin wasa abin da ya yi mata a zagayen baya.

Hujja da mai sukarta

Ciniki ba jefa adadi kaɗai ba ne, domin kowane tayi yana tafe da dalili: a dubi haƙora, a dubi tozo, a tuna farashin makon jiya, a tuna yadda sefa ta tashi a kan naira. A nan fanni na biyu ya shigo, kuma tarihinsa ya riga kwamfuta da ƙarnoni. A ƙarshen ƙarni na 13 Shamsuddin al-Samarƙandi ya tsara ilimin ladubban bincike da munazara, inda ya raba masu muhawara gida biyu, mai da'awa da mai tambaya, ya kuma iyakance wa mai tambaya abin da zai iya yi: ko ya nemi dalili a kan wani ginshiƙi na maganar, ko ya nuna cewa dalilin da aka kawo ya warware a wani wurin, ko ya kawo nasa dalilin da ke tabbatar da kishiyar da'awar. Kotunan shari'ar Musulunci na Arewa, waɗanda ke bin mazhabar Malikiyya suna kuma komawa ga littattafai irin su Tuhfa ta Ibn Asim na Andalus, suna aiki da tsari mai kama da wannan, domin nauyin kawo shaida yana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musanta, ana iya sukar shaida ana iya tsarkake shi, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran abin cewa. A Turai, Paul Lorenzen na Jamus ya nuna a ƙarshen shekarun 1950 cewa ana iya ɗaukar ingancin magana a ilimin mandiƙi a matsayin wasa tsakanin mai karewa da mai suka, maganar ta inganta idan mai karewa yana da hanyar cin nasara ko ta ina aka ɓullo masa, sannan a 1970 Charles Hamblin na Ostareliya ya ƙara da cewa a riƙa ajiye lissafin duk abin da kowane mai muhawara ya amsa da bakinsa, don kada ya zame daga baya.

Aikin da ya fi tasiri ga masana kwamfuta shi ne na Phan Minh Dung, wanda ya fito a 1995 lokacin da yake koyarwa a Tailan. Dung ya ajiye abin da hujjoji ke ɗauke da shi a gefe, ya dubi abu ɗaya kawai, wato wace hujja ce ke sukar wace. Dokarsa ta taka-tsantsan ita ce: hujjar da babu mai sukarta ta tsaya, hujjar da tsayayyiyar hujja ta soka ta faɗi, hujjar kuma da dukkan masu sukarta suka faɗi ta tsaya.

A koma ga bijimin nan don ganin yadda dokar ke aiki. Hujja ta farko ta makiyayi ce, cewa dabbar lafiyayya ce don haka ta cancanci babban farashi, kuma muddin ba a ce komai ba wannan hujja a tsaye take. Sai falke ya kawo ta biyu, cewa wani ya ji bijimin yana tari da asuba, abin da ke iya zama alamar ciwon huhu, nan take ta farko ta faɗi domin mai sukarta ba ta da mai suka. Makiyayi ya fito da ta uku, takardar likitan dabbobi da ke nuna an duba dabbar bayan asubar an same ta lafiya, wadda ta kayar da ta biyu, kuma da faɗuwar ta biyu sai ta farko ta miƙe ba tare da an ƙara mata komai ba. Idan aka sami ta huɗu, cewa kamannin da aka rubuta a takardar na wani bijimin ne daban, sai ta uku ta faɗi, ta biyu ta dawo, ta farko ta sake faɗuwa. Abin lura shi ne lafiyar bijimin ba ta sauya ba tun daga farko har ƙarshe, abin da ke sauyawa shi ne hujjojin da aka baje a fili. Akwai kuma yanayin da hujjoji biyu ke sukar juna babu ta ukun da za ta raba gardama, kamar shaidu biyu masu daraja ɗaya da suka saɓa, a nan dokar taka-tsantsan ba ta karɓar ko ɗaya, ko da yake Dung ya kawo wasu dokokin da ke ba da damar a bi ɗayan ɓangarorin muddin abin da aka zaɓa bai ci karo da kansa ba kuma yana iya kare kansa.

Dangantakar tsarin Dung da nazarin wasa ta hanya biyu ce. Dung da kansa ya nuna cewa ɗaya daga cikin dokokinsa daidai take da wata mafita da von Neumann da Morgenstern suka kawo tun 1944 don wasannin mutane da yawa, wato a sami rukunin shawarwarin rabo da babu wadda ke rinjayar 'yar'uwarta a cikinsa, alhali duk shawarar da ke waje akwai ta ciki da ke rinjayarta. Masana irin su Henry Prakken na Holan kuma sun nuna cewa ana iya gano ko hujja ta tsaya ta hanyar wasa tsakanin mai karewa da mai suka, suna magana bi da bi, kowa yana amsa abin da ɗayan ya faɗa, wanda ya rasa abin cewa ya sha kaye. Wannan sakamako ne ya sa kwamfutoci biyu za su iya warware saɓani ta musayar saƙonni, ba sai an tara dukkan bayanansu a wuri ɗaya ba.

Inda son rai ke shiga

Misalin bijimin ya bar wata tambaya a buɗe, kuma ita ce zuciyar darasin: wa ya san hujja ta huɗu? Idan makiyayi ne kaɗai ya san takardar ba ta wannan dabbar ba ce, babu abin da ke cikin lissafin Dung da zai tilasta masa ya faɗa, lissafin zai tafi daidai bisa ƙa'ida ya kuma fitar da hukuncin da ba daidai ba. Iyad Rahwan da Kate Larson sun ɗauki wannan matsala a 2008, suka dube ta da wani reshe na nazarin wasa da ake kira tsara dokoki, wanda ke farawa daga sakamakon da ake so sannan ya nemi dokokin da za su kai masu son kansu gare shi. Sun nuna cewa a ƙarƙashin dokar taka-tsantsan, idan kowane wakili burinsa a karɓi hujjojinsa da yawa, ɓoyewa ba ta da amfani muddin hujjojin da ke hannun wakili ɗaya ba sa sukar juna kai tsaye ko ta bayan gida, amma da zarar wannan sharaɗi ya ɓace sai ɓoyewa ta iya zama riba. Sharaɗin yana da tsauri, domin duk mai kayan sayarwa yakan san wani abu da ke rage wa kayansa daraja, kuma wannan ya isa ya nuna cewa kyawun lissafi kaɗai ba ya samar da gaskiya.

Akwai wuraren da aka dace da dokar da ke mayar da gaskiya riba. A 1961 William Vickrey ya bayyana gwanjon da kowa ke rubuta tayinsa a ɓoye, wanda ya fi tayi ya ɗauki kaya amma ya biya adadin wanda ke biye da shi. Tunda abin da mutum zai biya ba daga nasa tayin yake fitowa ba, rage tayi ba ya sauƙaƙa masa farashi sai dai ya sa kaya su kuɓuce masa, ƙara tayi kuma yana iya jawo masa sayen abu fiye da darajarsa, don haka mafi alheri gare shi ya rubuta ainihin abin da kayan suka kai a wurinsa. Fiƙihun ciniki ya bi ta wata hanyar zuwa ga manufa makamanciya, inda ya hana najashi, wato ƙara tayi ba da niyyar saye ba don a ruɗi wani, ya hana tare fatake a hanya kafin su san farashin kasuwa, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan tsohon aibin da aka ɓoye ya bayyana. Wannan zaɓi na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana sauya lissafin makiyayin nan tun kafin ya buɗe baki: idan ya san ciniki zai warware ranar da hujja ta huɗu ta fito, a dawo masa da bijimi sunansa kuma ya ɓaci a wurin dillalai, ribar ɓoyewa ta ragu ƙwarai.

Wakilan kwamfuta a bakin ciniki

Kafin manhajoji biyu su tattauna sai sun yarda da nau'o'in maganar da za su yi, kamar yadda Bafulatani da Bagude da Bahaushe da Balaraben Shuwa ke haɗuwa a kasuwar Mubi kowa ya san bambancin tambayar farashi da tayi da sallamawa. Ƙungiyar FIPA, wadda aka kafa a 1996, ta tsara wa wakilan kwamfuta irin waɗannan nau'o'i, da suka haɗa da sanarwa da roƙo da neman tayi da gabatar da tayi da karɓa da ƙi. Douglas Walton da Erik Krabbe kuma sun rarrabe tattaunawa gida shida a 1995, suka nuna cewa ta neman gamsarwa daban take da ta ciniki, ta ciniki kuma daban take da ta binciken gaskiya ko ta shawarar abin da za a yi, kowace da abin da ya halatta a cikinta. Amfanin haɗa hujja da tayi, kamar yadda Simon Parsons da Carles Sierra da Nick Jennings suka nuna a 1998, shi ne wakilin da ya faɗi dalilin ƙinsa yana buɗe ƙofar wata mafita: idan falke ya bayyana cewa abin da ke hana shi ƙarawa kuɗin mota ne, makiyayi yana iya haɗa masa dabbobi biyu a farashin da zai yi wa kowa daɗi, abin da musayar adadi kawai ba za ta gano ba. Sai dai duk dalilin da aka faɗa yana tona wani sirri, kuma wakili mai lissafi zai auna wannan kafin ya yi magana.

Kuskure ne babba a ɗauka cewa na'ura ba ta da son rai don haka ba za ta yi yaudara ba. A 2017 masu bincike na kamfanin Facebook sun horar da manhajoji su yi cinikin raba littattafai da huluna da ƙwallaye, ana saka musu da maki gwargwadon abin da suka samu, sai aka ga sun koyi nuna sha'awar abin da ba shi da daraja a wurinsu domin daga baya su bar shi kamar sun yi rangwame, ba tare da wani ya koya musu wannan dabara ba. Ladan da aka sa musu ne ya haife ta. Batun kuma ya bar ɗakin gwaji, domin tun 2010 ake gudanar da gasar duniya ta wakilan ciniki, kuma kamfanin Walmart na Amurka ya yi amfani da manhaja wajen sasanta sharuɗɗa da wasu masu kawo masa kaya. Yayin da cinikin hatsi da dabbobi ke ƙara komawa kan waya, mai kaya a Mugulbu yana da haƙƙin sanin wa wakilin da ke magana da shi yake wa aiki, da me ake auna nasararsa, wa ke tantance hujjojin da yake kawowa, da kuma inda za a kai ƙara idan aibi ya fito bayan an biya. Tantancewar nan ita ce mafi rauni a tsarin Dung, domin yana ɗaukar kowace hujja yadda aka kawo ta, ba ya tambayar ko takardar likita ta gaske ce ko ta jabu, aikin da a kotu tsarkake shaidu ke yi, a kasuwa kuma sunan dillali da idon shugabannin kasuwa ke yi. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Jihar Adamawa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, waɗanda duk a Mubi suke, suna da abin nazari a kusa da su, domin dokokin da dillalai ke bi wajen lamuni da warware rigima ba su cika shiga littattafan wannan fanni ba, kuma manhajar da aka gina ba tare da su ba za ta iya cutar da wanda ba shi da ƙarfin jira.

Aikin aji

Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi wata rigimar ciniki ko ta iyakar gona irin wadda aka saba gani, ba tare da ambaton sunan kowa ba, ya rubuta kowace hujja a cikin da'ira a kan allo, ya ja kibiya daga mai suka zuwa wadda aka soka, sannan ya bi dokar taka-tsantsan ya fitar da waɗanda suka tsaya. Bayan haka a goge hujja ɗaya a sake lissafin, a gano wanda zai ƙaru da ɓoye ta, sannan rukunin ya kawo doka guda da za ta sa ɓoyewar ta zama masa asara, ya kuma bayyana wanda zai tabbatar da bin dokar.